Hannun Baba a Jikin Rumbu

Abubuwa da yawa sun same ni a duniya waɗanda yau in aka tambaye ni sai na yi dogon tunani kafin in tuno su. Amma tafiyar da na yi na kai ma mahaifiyata hannun mahaifina naɗe cikin tsumma, shekara goma sha biyu bayan mun binne shi, ba ta cikinsu. Ko tsufa ya zo ya kwashe mani komai daga kai, ina jin ita ce za ta rage ta ƙarshe.

Ni mai amalanken jaki ne a Tasawa. Ina ɗaukar buhuna daga tasha zuwa kasuwa, in kai ma magina yashi da bulo. Asalinmu wani ɗan ƙauye ne bayan Alasan Mairairai, cikin ƙasar Mayahi, gidajensa ba su kai talatin ba. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Sai da furfura ta fara fito mani a gemu na shiga ajin karatun manya, kuma wannan labarin da hannuna nake rubuta shi, yau shafi ɗaya, gobe rabi.

A tsakar gidanmu na ƙauye akwai wani rumbun ƙasa, irin wanda mu can muke ce ma ruhewa. Baba ya gina shi bayan babbar yunwar da aka yi ina yaro, wadda ta tafi da ƙannena biyu. Lokacin ma sojoji ne ke mulki. Da ruwa ya dawo aka samu gero, Baba ya ce rumbun kara ba zai sake riƙe mashi abincin iyali ba. Ƙasarmu rairayi ce, ba ta gini, don haka ya yi ta jigilar ƙasar suri a bayan jaki. Inna tana kwaɓawa da ƙaiƙayi, shi yana ɗora zobe kan zobe, sai na ƙasa ya sha iska ya ɗora na sama. Ranar yaɓen ƙarshe, yana saukowa daga tsani sai ƙafarsa ta zame, ya dafe jikin rumbun da hannun dama. Tafinsa ya zauna ɗaram cikin ɗanyar ƙasa, yatsu biyar, har da na kusa da ƙarami wanda igiyar guga ta taɓa karya mashi ya warke a karkace. Ya ɗebo ƙasa zai shafe, Inna ta ce ya bari, ko ɓarawo ya zo ya san rumbun da mai shi.

Duk shekara ana sabunta yaɓe kafin damana, kuma duk shekara Inna da kanta take yin wannan gefen. Ta kewaye hannun, ba ta taɓa rufe shi ba, har ya koma kamar yana zaune cikin ƴar taga. Bayan rasuwar Baba sai ta ɗauki wata al'ada. In ta idar da sallar asuba gari ya yi haske, ta fito ta lallaba zuwa rumbu, ta sa hannunta na dama cikin nasa, yatsa cikin yatsa, ta ce, "Ina kwana, mai gida." Shi ke nan. Ba roƙonsa take yi ba, ba ta kuma jiran amsa. Wani maƙwabcinmu ya taɓa yi mata magana, ta ce mashi ita dai gaisuwa ta sani, kuma ba ta ji inda aka hana gaisuwa ba. Daga baya yanar ido ta rufe mata gani, inuwa kawai take gani, amma hanyar rumbu ba ta taɓa ɓace mata ba.

Sai in faɗa maku wani abu game da ni da ita. Ni ne ɗanta na fari. Irin matan da ne, masu kunyar ɗan fari, tun ina ƙarami ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa yaba mani a gaban mutane ba. "Kai wannan" take ce mani. Na yi aure, na haifi ƴaƴa shida, ina nan dai a "kai wannan". Ban taɓa jin haushi ba, haka na taso na tarar. Amma ba zan ɓoye ba, wani lokaci in na ji tana kiran ƙanwata da sunanta, har da jan ƙarshensa, nakan ɗan kau da kai.

A shekarar da sojoji suka sake karɓar mulki, aka rufe iyaka da Najeriya, kuran, wato wutar lantarki, ya daina zuwa yadda aka saba, esansi na mota ya yi tsada. A ƙauyenmu kuma ruwa ya ɗauke gero yana cikin fidda kai. Abin da aka yanka bai rufe gindin rumbu ba. Kafin rani ya yi nisa rijiya ta ja baya, sai mutum ya yi rabin yini a bakinta kafin ya cika bido ɗaya, wato jarka. Magidanta suka watse, wasu Agadas, wasu Maradi. Ƙanwata da ke duba Inna mijinta ya kwashe su zuwa Damagaram. Aka bar tsohuwa mai yanar ido ita da wata maƙwabciya da ba ta fi ta ƙarfi ba.

Sau uku ina zuwa ɗaukar ta. Zuwa na uku na tarar zanenta ya yi mata yawa, sai ta naɗa shi sau biyu.

Na ce, "Inna, ki zo mu tahi. Ɗaki na can na gyara maki. Damana na faɗuwa in maido ki."

Ta ce, "Kai wannan, ka cika magana."

"Surukarki ta ce in gaya maki..."

"Ka gaishe ta."

Can ta juya fuskarta wajen rumbu, ta ce, "Tun da aka kawo ni gidan nan bai taɓa wayar gari ban gaishe shi ba. In na tahi wa zai yi? In ka iya ɗora rumbun bisa jakinka ka kai Tasawa, in bi ka."

Ta faɗi haka ne don ta rufe mani baki, amma ni na riƙe shi a matsayin alkawari. Na nemi wani magini na tambaye shi ko ana iya yanko wannan gefen bangon. Ya ce ƙasar da ta shekara kusan arba'in tana shan rana, in aka sa mata ƙarfe gari za ta zama, in rasa hannun in rasa rumbun. Na koma Tasawa ba ni da wata dabara.

Malamarmu ta karatun manya, wadda muke ce ma Madam, Kirista ce, mutuniyar wajen Korgom, kusan tsarata. Ƙarƙashin wata rumfa a bayan ƴar majami'arsu take koya mana bayan la'asar. Da ta ga yatsunmu sun sandare da fartanya da igiya, alli na suɓuce mana, sai ta kawo wasu baƙaƙe na roba, kowane ya kai girman tafin hannu. Mutum ya rufe ido ya bi harafi da yatsa har hannunsa ya gane hanyar. Da su na koyi rubuta sunana. Wata rana na tambaye ta inda ta saye su alhali iyaka na rufe.

Ta ce, "Ba saye na yi ba, Malam. Ƙanena ya gina su a Maradi."

Na ce, "Gina su? Roba ake ginawa?"

Ta yi dariya ta yi mana bayani. Wai ƙanen nata yana aiki a wani wurin koyar da sana'a, suna da inji mai narka zaren roba yana zuba shi siriri siriri har abu ya tashi. Ya yi ma wani tela haƙorin keken ɗinkinsa da aka rasa a kasuwa. Ya yi ma wata makauniya zanen unguwarsu, da lunguna da masallaci da famfo, tana shafawa da hannu ta san inda za ta bi. Kuma ba dole sai an kai mashi abin ba. In aka zagaya shi da wayar salula aka yi mashi hotuna da yawa ta kowane gefe, ordinatar, wato kwamfuta, tana haɗa su ta fitar da siffarsa, da tudunsa da kwarinsa.

Kwana bakwai maganar tana cikina. Kunya nake ji, babban mutum da ni in je in ce ma malama uwata na gaida bango. Ranar ta takwas na tsaya aka watse, ina ta gyara benci wanda ba ya buƙatar gyara, har ta ce, "Malam, in magana ce ka faɗe ta, bencin nan ya gaji." Na zauna na gaya mata komai. Ba ta yi dariya ba. Abin da ta tambaya kawai shi ne wace rana motar kasuwa ke zuwa wajenmu.

Muka shiga motar kasuwa, muka ƙarasa da amalanken shanu. Inna ta karɓi baƙuwa da fura wadda ruwa ya fi gero yawa, tana ta ba da haƙuri. Washegari da hantsi, lokacin da rana ke dukan rumbun ta gefe har kowane layin tafin ya fito da inuwarsa, Madam ta fara aiki. Ta durƙusa, ta miƙe, ta karkata, ta hau turmi, salula na ta ƙyas ƙyas. Inna na zaune kan tabarma ta kasa kunne.

Ta ce, "Ɗiyata, ga mutane zaune, ke bango kike ma hoto?"

Madam ta ce, "Inna, wanda ke jikin bangon ya girme mu duka, ai da shi za a fara."

Na ga bakin Inna ya motsa kamar za ta yi murmushi ta fasa. Ta ce, "To, kar dai ki taɓa."

"Ba ni taɓawa, Inna. Wurinki ne."

Har muka tafi Inna ba ta tambayi abin da za a yi da hotunan ba, ni kuma ban gaya mata ba. So nake in zo mata da abin mamaki. Yanzu da nake rubutawa na san nan ne kuskurena ya fara.

Bayan mako biyu Madam ta ce ƙanenta na nemana, na bar jaki wurin maƙwabci na shiga mota zuwa Maradi. Magidanci ne mai sanƙo da tabarau, ba shi da yawan magana. Injin kuwa bai kai girman akurkin kaji ba, da pano mai kama hasken rana suke kunna shi tunda kuran ba shi da tabbas. Na tarar yana gina wani murfi. Na tsaya ina kallon bakin injin yana zagayawa, yana ɗora zobe kan zobe, na ƙasa ya daskare ya ɗora na sama. Na ce mashi, "Ashe abin naku maginin rumbu ne." Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce shekara uku yana bayanin injin nan, ba wanda ya taɓa faɗa mashi haka.

Ya zaunar da ni gaban ordinatar. Ga gefen rumbunmu nan, ga gurbin hannun Baba, yana juya shi yadda ya ga dama. Ya ce hanya biyu ce. Ana iya yin gurbin yadda yake a bango, rami mai siffar hannu. Ana kuma iya cika ramin a fitar da abin da ya yi shi. Ya danna wani wuri, sai ramin ya kumburo. Tafin mahaifina ya fito yana fuskantata, da kantar fartanya a gindin yatsu, da karkataccen yatsan nan. Hannun da ya riƙe ni ranar kaciya, hannun da ya mare ni ranar da na bar awaki suka shiga gonar mutane. Na sa hular kaina na rufe fuska, mutumin ya yi kamar yana neman wani abu cikin akwati har na gama.

Ya ce, "Ka yi tunani da kyau, Malam. Zaren roba daga waje yake zuwa, tun da aka rufe hanya ba mu samu ba. Abin da ya rage na aiki ɗaya ne mai girman wannan. Rami ko hannu?"

Ko numfashi ban ja ba na ce, "Wa zai kai ma uwarsa rami? Yi mani hannun."

Yini guda injin ya yi yana zagayawa. Robar da ta rage shuɗiya ce, irin launin butar alwala. Na naɗe hannun cikin sabon tsumma, na sa shi cikin riga a ƙirjina, ban bari ya shiga bayan mota da kaya ba. Duk tsawon hanya ina ta shirya yadda za a yi: za ta shafa, ta gane, ta yi kuka, ta ce a ɗaure kaya.

Na isa ƙauye da azahar. Bayan gaisuwa na kwance tsumman na ɗora mata a cinya. Ta shafa gefensa, ta shafa tsakiya, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan karkataccen sai hannunta ya tsaya cak. Ta daɗe a haka.

Ta ce, "Ina ka samo shi?"

Na yi mata bayani iyakar iyawata, da salula, da inji, da zobe kan zobe. Ban san ko ta ji ba. Ta ɗaga shi ta tsayar a gabanta, yatsu sama, kamar yadda yake a bango, ta kai hannunta na dama ta ɗora. Babban yatsanta ya faɗa kan ƙaramin nasa. Ta janye ta sake ɗorawa, haka dai. Ta juya shi ƙasa, ta juya shi gefe, bai zauna ba. Wanda bai gane ba ya gwada da wani na kusa da shi: in mutum ya miƙo maka tafinsa na dama a tsaye, damanka ba zai hau shi yatsa kan yatsa ba, sai hagunka. A bango gurbi ne Baba ya bari, damanta ke shiga inda damansa ya fito. Ni kuma na kawo mata tafin kansa.

A hankali ta ɗago hannun hagu ta ɗora. Ya zauna daidai, kowane yatsa kan ɗan'uwansa. Sai ta fizge kamar ta taɓa garwashi.

Ta ce, "Ko ludayi ban taɓa miƙa mashi da hagu ba. Yanzu da ya kwanta dama zan fara?"

"Inna, ai roba ce, ba..."

"In roba ce mi ya sa ka kawo mani?"

Ta miƙo mani, na ajiye shi kan tabarma tafin na kallon sama. Ta laluba ta ji yadda na ajiye, ta ce, "Kuma ka shimfiɗa shi kamar mai roƙo. Duk yunwar da aka yi mutumin nan bai taɓa buɗe ma kowa tafi ba." Ta ɗauka ta shiga ɗaki da shi. Na hango ta kife shi a kan rairayi a gindin randa, ta ɗora tulu a bayansa don kar awaki su ja.

Na fita na zauna ƙarƙashin gawon ƙofar gida. Ba fushi nake da ita ba, da kaina nake. Shekara goma sha biyu ina kallon abin da matar nan take yi kowace safiya, amma da aka tambaye ni, abin da ya burge idona na zaɓa. Roba ta ƙare, Madam ta bar ajinta kwana biyu a banza, ga tsohuwa kullum tana ƙara shiga cikin zanenta. Na yanke shawara in ta ƙi tashi ni ma ba ni komawa, a sayar da jakin a ci, in zauna in riƙa ja mata ruwa har abin da Allah zai yi. Kwana biyu na yi ina zuwa rijiya tun safe in dawo da bido ɗaya. Ba ta sake tada maganar ba, ni ma haka.

A safiya ta uku, ina ɗaure bido zan fita, na ji ta daga ɗaki.

"Kai wannan. Zo."

Na tarar da ita durƙushe a gindin randa. Ta ɗauke tulu za ta ɗebi ruwan sha, ta ɗaga robar ta kawar gefe, da ta dafa ƙasa za ta miƙe sai hannunta ya faɗa cikin wani abu. Rairayin wurin kullum da danshi saboda tsatsar randa, ga nauyin tulu na kwana biyu. Gurbin hannun Baba ne kwance a ƙasa, damanta a ciki.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Ruwa nawa ya rage?"

"Rabin bido."

"Je bayan rumbu, inda gindinsa ya zube, ɗebo ƙasar. Ka kwaɓa mani da ƙaiƙayi."

"Inna, ruwan shan..."

"Ka ja wani."

Na dake busasshiyar ƙasar a turmi, na zuba ruwan da na yi rabin yini ina jira. Ta sa hannu ta ji, ta ce ya yi ruwa, ƙara ƙasa. Ta sake ji ta ce ban iya komai ba, ta karɓa ta murza da kanta, da waɗannan ƴan siraran hannuwan, kamar ba ita ce ke kasa ɗaga tulu cike ba. Ta shimfiɗa ƙasar kan faifai, kaurin yatsu uku. Ta shafa ma robar toka don kar ta manne, abin da ni ko a mafarki ba zai zo mani ba. Ta kifa ta, ta ce in danna da nauyina, a hankali, kar in girgiza. Na danna. Ta ɗaga.

Ta goge hannunta na dama a zane, ta sa. Yatsa cikin yatsa, har karkataccen. Na ga kafaɗunta sun sauka.

Ta ce, "Ina kwana, mai gida." Alhali ta riga ta gaishe shi a rumbu da asuba. Sannan ta ƙara, da wata murya da ban san ta da ita ba, kamar tana tsokanarsa, "Ashe kai ma kana iya tahiya cin rani."

Ta juyo wajena. "Mi kake jira? Nemo amalanke. Ka cika mani buhu da ƙasar nan, ba ni son ta Tasawa."

Kafin mu tashi ta je rumbu ta daɗe tsaye, ni na ba ta baya ina ɗaure kaya. Abin da suka faɗa tsakaninsu ban ji ba, ban kuma tambaya ba. Maƙwabciyar tata ma muka tafi da ita, muka sauke ta wurin ɗanta a hanya.

A Tasawa, washegarin isowarmu, na kankare bangon ɗakinta daga ciki, dab da ƙofa, daidai tsayin kafaɗarta. Na kwaɓa ƙasar ƙauye, wannan karon ba ta ce ya yi ruwa ba. Matata da yara suna tsaye, Madam ma ta zo da ƴar ƙwaryar ƙosai. Na yaɓa ƙasar da faɗi, don ban san daidai inda za ta so ba. Inna ta shafa toka, ta manna hannun, na danna, ta ɗaga. Ta gwada, ya yi. Na ɗauko ludayin gini zan kankare sauran ƙasar da ta yi yawa a gefe, sai ta riƙe mani hannu. Ba na tuna ranar da ta riƙe mani hannu kafin wannan.

Ta ce, "Bari. Sa naka nan."

Na ce, "Nawa kuma, Inna? Na mi?"

"Wanda ya gina rumbu shi ke sa hannu. Yanzu cikin rumbun wa nike ci?"

Ta ja damana ta manna a ɗanyar ƙasa kusa da na Baba, ta ɗora nata a bayan nawa ta danna. Da na janye ta shafa gurbin, ta shafa na Baba, ta ce, "Naka ya fi faɗi. Nashi ya fi kyau." Yara suka fashe da dariya, Madam ta juya tana gyara ɗankwali. Ni dai na fita na ce zan ba jaki ruwa.

Damanar da ta biyo ta zo da ruwa kamar ana zubawa da masaki. Wani ɗan ƙauyenmu ya zo kasuwa ya gaya mani rumbun ya zauna, ya koma tudun laka. Na yi kwana biyu ina neman yadda zan faɗa mata. Da na faɗa, ta ce, "Ya yi aikinsa," ta ci gaba da tsinkar zogale. Na kai ma ƙanen Madam labarin yadda robarsa ta zama abin bugawa, ya ce da ya san haka da ya yi mata mariƙi a baya. Yanzu in zai yi ma mutum aiki, wai sai ya fara cewa a nuna mashi da hannu yadda ake amfani da abin.

Damana biyu Inna ta yi tare da mu, ta yi ƙiba har zanen ya koma naɗi ɗaya, aka kuma yi mata aikin ido ɗaya ta ga jikokinta. Har Allah ya karɓi abinsa ba ta kira sunana ba. Amma matata ta gaya mani abin da ni ban taɓa gani ba, don kullum kafin gari ya yi haske na fita da amalanke. Wai in ta gaida mai gida, takan matsar da hannunta gefe ta sa cikin nawa, ta ce, "Allah ya maido ka lahiya."

Hannuwan suna nan a bango, ɗiyata ta fari ce ke kewaye su in ana yaɓe. Robar kuma tana cikin akwatina, a kife. Abin da na koya shi ne, in za ka yi ma mutum alheri, kar ka tsaya kan abin da ya yi maka kyau a ido. Ka zauna ka kalli yadda yake yi da hannunsa, in ba ka gane ba ka tambaye shi. Ni na kai ma Inna hannun mijinta ina jin na gama komai, ashe wurin da ya bar mata ta sa nata take nema. Allah ya rufa mani asiri ta fi ni sanin ƙasa.